Zobba Bakwai a Tsakar Falona

Ko da zan manta ranar da na tare a gidana na Umarari, ba zan taɓa manta zobban da suka fito a tsakar falona ba.

Lokacin ban daɗe da sa tayil na roba ba, irin mai ruwan madara. Ni kuwa akwai ƙaƙale, sai na kafa dokoki kamar wani alƙali. A share yashi safe da yamma, don shi ke kankare fuskar tayil. Ba a kwara ruwa, sai dai a matse tsumma a goge, kada gam ya saki. Ƙafafun kujeru ma duk na ɗaure su da ƙyalle. Matata har cewa take yi saura in yanka rago in raɗa wa tayil ɗin suna.

A shekarar ne Iya, mahaifiyata, ta yarda ta baro Khaddamari ta dawo wurinmu, bayan na sha roƙo. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini: "Ranar da na zame maka nauyi, zan koma ɗakina." Duk wanda ya san Iya ya san ba ta magana biyu.

Wata rana na dawo aiki sai na ga wani zobe ƙasa-ƙasa a kan tayil, zagayayye tsaf. Na goge da sabulu, ya ce bai san zancen ba. Kafin wata biyu sun zama bakwai. Abin ya fi ba ni mamaki fiye da haushi. Ni da matata sammako muke yi zuwa aiki, to wa ke zana mini zobba? Na karya tsinken tsintsiya na auna, duk faɗinsu ɗaya. Na gwada gindin kofi, na gwada buta, na gwada kwanon sha, babu wanda ya zauna daidai. Da dabara ta ƙare sai na ɗora laifin a kan mai sa tayil, wani mutumin kudancin Borno da ke zaune a Gwange. Na kira shi na ce ya sa mini kayan banza.

Ranar Lahadi bayan ya taso daga coci ya zo, bai ko nuna fushi ba. Ya durƙusa, ya kankari zobe ɗaya da farce, ya kai hancinsa ya sunsuna.

"Malam, wannan ba laifin kaya ba ne," in ji shi. "Gindin kaskon turaren wuta ne. Roba da zafi ba sa ga maciji."

Ya miƙe ya ja da baya yana kallon ƙasa. Sai a lokacin na lura zobban a jere suke, daga wata ƙofa zuwa bakin taga. Ya tambaye ni ɗakin wane ne, na ce na Iya ne.

"To duba nan," ya ce da ni a hankali. "Waɗannan da suka dushe, tsakaninsu taku huɗu. Sababbin kuwa taku biyu. Mai ɗauko kaskon nan ajiyewa yake yi ya huta, kuma kullum hutun ƙaruwa yake."

Wata biyu ina rarrafe da tsinken tsintsiya, ban taɓa auna tazarar ba.

Ashe Iya tana jin mu. Sai ga ta ta fito da ƙullin kayanta a hannu. Mai tayil ya russuna ya gaishe ta da yarensu, ya ce, "Wushe, Iya," ta amsa ba ta dube shi ba. Ta ce ita ce ta yi zobban. Kowace safiya takan turara falon, yadda ta saba yi wa marigayi mahaifinmu, amma yanzu numfashi ba ya kai ta bakin taga.

"Na ga yadda kake ji da ɗakin nan, ɗana. Na ɓata maka, na kuma kasa faɗa. Ka sa ni a mota."

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na karɓi ƙullin na zauna a kansa kamar ƙaramin yaro, na ce sai dai ta tafi da ni. Ta yi tsaki, ta ce tun ina goye haka nake da taurin kai. Daga nan na san ta haƙura.

Washegari muka je asibiti, aka ce zuciya ce, kuma da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Mai tayil, bayan na ba shi haƙuri, ya kawo mana wani ɗan katako mai kauri na ɗora kasko, ya ce abu mai zafi kada ya sake taɓa roba. Ya nemi ya cire tayil bakwai ɗin ya sa sababbi, na ce a bar su. Tun daga ranar ni nake ɗaukar kaskon kafin in fita, Iya tana zaune tana faɗan na cika garwashi.

Har yau ina share yashi, ina matse tsumma. Amma na koyi cewa kafin in tambayi abin da ya samu kayana, in fara tambayar abin da ya samu mutanen gidana. Dokokina ne suka rufe wa Iya baki, har sai da tabon ƙasa ya faɗi abin da ta kasa faɗa mini.