Safiyar da Ban Kira Mai Taswira Ba

Ranar Talata, sha biyu ga watan Maris, da hantsi, nakiya ta tashi da motar da kike ciki a hanyar gada. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Labarin ya same ni a barandar asibiti, ina rungume da jikata ta fari, bakina ya ƙi rufuwa don murna.

Mai Taswira muke ce miki. Ke ba soja ba ce, injiniya ce da sojoji suka zo da ita don a riƙa tsara tafiyar ayarin abinci da magani tare da mu mutanen gari. A ɗakin taron makaranta kika kafa kwamfutarki, kika haska taswirar yankinmu a bango: hanya mai lafiya koriya, mai haɗari ja. Kika ce na'urar tana koyo ne daga abin da muke gaya mata.

Na ce, "Ni da sai da furfura na shiga ajin yamma, me zan koya wa na'ura?"

Kika yi dariya. "Baba, ai ka riga ta shiga aji. Kai ne yayanta."

Ke kika hana manyan motoci bi ta bakin rijiya lokacin ɗiban ruwa. Da Kyaftin ɗin sojojin ya ce nan ya fi kusa, sai kika nuna masa ɗige-ɗigen da ke bango. "Ranka ya daɗe, kowane ɗigo mace ce da tulu a ka." Ya sauya hanya.

Aikina ɗaya ne, in kira ki kowace safiya in faɗi abin da aka gani a ɓangarenmu. A ranar, wani direba ya ce mini ya ga an tona ƙasa kusa da gada. Na ciro waya ke nan sai ga kiran ɗana: matarsa ta sauka lafiya, bayan shekarun da muka yi muna roƙo. Na cusa waya a aljihu, na nufi asibiti. Na'ura ba ta ji komai ba, ta bar hanyar koriya, ke kuma kika yarda da shiruna.

Kyaftin ya ce alhakin na kan waɗanda suka binne nakiya, kuma yanzu duk inda ba a kira an ba da labarinsa ba, taswira na nuna shi da launin ruwan toka maimakon kore. Na ji. Amma jaririyar nan ko atishawa ta yi sai na yi dariya, sannan kunya ta rufe ni. Har yau na kasa taka ƙofar mahaifiyarki.

Allah Ya jiƙan ki, 'yata, Ya haskaka kabarinki, Ya ba mijinki da 'yan'uwanki haƙuri. Ke kuma mahaifiyarta, gobe zan zo da ƙafata in tsaya a ƙofarki. Ko kin ce in shigo, ko ba ki ce ba, duka na karɓa.