Kunya Uku a Bakin Burtali

Shekaranjiya ina hanyar dawowa daga aiki a nan Gusau, sai na tarar ana sauke sabbin zana daga amalanke. Ƙanshin gambar da aka saƙa su da ita ya daki hancina. Na tsaya cak a gefen titi, masu babur suna ta kauce mini, ni kuwa hankalina ya riga ya tafi garinmu, can gindin duwatsun Kwatarkwashi, wajen kakana.

Kakana, mahaifin babana, manomi ne tun tasowarsa har ya koma ga Allah. Bai riƙe sarauta ba, bai yi karatu mai zurfi ba. Amma in kana maganar iyakar gona a garinmu, to shi za a nuna maka. Ya san inda gonar kowa ta fara da inda ta ƙare, ya san wanda ya sare dajin da wanda ya gada. A wajenmu gamba ake dasawa a kan iyaka, shi kuwa babu tushen da bai sani ba. In gardama ta tashi, mai gari ba ya yanke komai sai an kirawo shi.

Mutum ne da ba ya iya zama. A tsugune yake cin tuwo, kamar wanda ake jira a waje. Da rani, lokacin da tsaransa ke shan inuwa a gindin durumi, shi yana can yana zaga gonakin mutane, hannuwa a baya, ba wanda ya aike shi. Kakata takan ce ƙafarsa ƙaiƙayi take yi. Ni yake kira amaryarsa, irin wasan kaka da jika, kuma ba ya dawowa daga daji ba tare da ya cika mini hannu da ɗinya ko kanya ba.

Ina da kamar shekara tara abin ya faru. Gonar babana tana bakin burtali, hanyar da shanun ruga ke bi su je rafi. Gidanmu ya cika da yara, gonar ta yi kaɗan, sai a shekarar babana ya ƙara kunya uku ta wajen hanyar. Ranar shuka ya ce in biyo shi. Yana sara da sungumi, ina zuba gero ina rufewa da diddige. Karo na farko ke nan da aka yarda na yi shuka, don haka a raina kunyoyin nan uku nawa ne. Kullum sai na je na duba su, har magana nake yi musu.

Gero ya kai gwiwa, ya yi duhu, sai wata safiya muka tarar shanu sun kwashe shi tas. Babu abin da ya rage sai sawun kofato a cikin laka. Babana bai ko koma gida ba, ya wuce wajen mai gari. Mai shanun kuwa ba baƙo ba ne. Wani dattijon ruga ne da matarsa ke kawo wa innata nono duk ranar kasuwar Bungudu. Da aka kira shi, cewa ya yi shanunsa ba su bar hanyarsu ba.

Da hantsi aka taru a gonar. Samari sun fara ɗaga murya, mutanen ruga sun tsaya gefe guda riƙe da sandunansu, kowa fuska a ɗaure. Aka aika wa kakana. Ya zo, bai kalli babana ba, bai kalli mai shanun ba. Ya taka zuwa gabas, ya dawo, ya sake komawa. Sannan ya karɓi fartanya a hannun wani, ya shiga tona a bayan kunyata ta uku, ta wajen cikin gona. Can sai ya zaro wani tsohon tushen gamba da garma ta binne. Ya ƙara taku goma, ya tona, ya zaro wani.

"Ga iyaka nan," in ji shi. "Shanu ba su shiga gona ba. Gona ta shiga hanyar shanu."

Babana ya matso kusa da shi.

"Baba, ni fa ɗanka ne."

"Na sani. In na matsa maka taku guda yau, gobe wanda aka danne, wa zai kira?"

Daga ranar babana ya daina cin abinci da shi a zaure. Gaisuwa kawai, ya wuce. Ni ma in ya kira amarya sai in juya masa baya. Ɗinyar da ya ajiye mini a bakin ƙofa, awaki na bar wa. Yawonsa ya ƙaru, ya rame, kakata ta ce ana mayar da kwanonsa kamar yadda aka kai. Bai ba kowa haƙuri ba. Abin da dai muka lura shi ne, duk safiya in mun isa gona, sai mu tarar an riga an nome wani sashe, ga sawun mutum ɗaya ya nufi gonar kakana.

Bayan kaka, da aka kwashe amfani, ya same ni ni kaɗai a bayan rumbu. Ya tsuguna har kanmu ya zo daidai.

"Amarya, geronki ya yi kyau, na gani. Wurin ne ba namu ba."

Kukan da na riƙe tun damina, ranar na yi shi a kafaɗarsa.

Da ranin nan dattijon ruga ya kawo shanunsa suka kwana a gonar babana wata biyu, suka cika ta da taki, bai ce don me ba. Babana kuwa, wata la'asar ya ga kakana ya fita zagayensa, sai ya miƙe ya bi bayansa. Haka suka riƙa fita tare shekara da shekaru. Ranar da kakana ya rasu, mutanen ruga da na gari kafaɗa da kafaɗa suka ɗauki makararsa.

Yanzu babana ne tsoho, kuma a gidana yake. Damina huɗu ke nan ba a noma gonakin bakin daji, saboda tsoron masu ɗauke mutane. Gari ya watse, wasu Tsafe, wasu nan Gusau. Rugar ma babu ita, ban san inda jikokin dattijon suke ba, ban san me suke tunani a kanmu ba.

Duk da haka ana kiran babana a waya. Makon jiya wasu magada biyu suka kira daga Tsafe, suna jayayya kan gonar da babu wanda zai iya taka ta a cikinsu. Ya rufe ido ya shiga jero musu: daga tsamiya zuwa suri, daga suri zuwa gawon da aradu ta tsaga, a yi kwana a bi bakin kwari. Da ya ajiye wayar sai ya juyo gare ni.

"Kin riƙe?"

Na ce na riƙe. Gaskiya ban riƙe ba. Ban san wace tsamiya ba ce, ban ma san ko tana tsaye ba. 'Ya'yana kuwa ba su taɓa ganin garin ba. Tun ranar nake ta cewa zan zauna da shi ya sake faɗa mini a hankali, tun daga gonar farko. Sai dai duk lokacin da na buɗe baki, sai in ga kamar ina gaya masa ne ba zai koma ba, sai in tambaye shi ko in kawo masa fura.