Rijiyar Alhaji Bala a Fatakwal

Yau shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana, Alhaji Bala mai shanu, amma har yanzu idan na rufe ido a bakin rijiya nake ganinsa. A nan na fara ganinsa, bayan an gama yaƙin basasa mun dawo Fatakwal, yana jan guga, rana na wasa a kafaɗarsa. Na ce a raina, ga jarumin littattafan soyayyar da nake ɓoyewa a ƙarƙashin filo.

Shi ya gina rijiyar sadaka ga 'yan unguwa. Kuɗin mai ya shigo gari, masana'antu suka tashi a bayanmu, aka kawo famfo, amma ya ce shi da ruwan ƙarfe har abada. Hujjarsa ta alwala ce: ruwan da launinsa, ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sauya ba, tsarkakakke ne. Duk mun yarda.

Da fitsari ya fara yi masa wuya, kunya ta hana shi faɗa. Ya ce sanyi ne. Ni da hannuna nake jiƙa masa saiwoyi a ruwan rijiyar nan, yana sha yana tsokanata: "Amarya, jiƙonki ya fi allura." Amarya yake ce mini har da furfurata.

Ɗanmu ne ya kai shi asibiti. Aka ce ciwon dajin nan ne mai kama maza a ƙarƙashin mafitsara, kuma ya yi nisa. Aka auna ruwan rijiyar, aka sami guba mai suna asinik, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Likita bai rantse ita ce ba, ya dai ce tana iya ƙara haɗarin.

Da yana raye ya ga muna sayen ruwan leda, dariya zai yi. Amma shi ne, daga kan gadonsa, ya sa aka rufe rijiyar da siminti, ya kira ƙaninsa Sule ya ce, "Kai ma kana daɗewa a banɗaki. Je ka a duba ka, kada ka yi irin tawa."

Sule ya je. An yi masa aiki da wuri. Yanzu ya tsufa, jikokinsa sun fi shi jin Ibo, kuma kullum bayan la'asar a kan murfin rijiyar nan yake shimfiɗa buzunsa.