Abdulhafiz Mai Gyaran Waya da Tsohon Wasan Harbi

Abdulhafiz ɗan dillalin shanu ne. Kakanninsa makiyaya ne a bakin tafkin Cadi, ubansa ne ya fara zama a Maiduguri ya kama ciniki a kasuwar shanu. Yayansa Adam ya bi sahun uban, shi kuwa tun yana firamare zuciyarsa ta karkata wani wuri.

Yana da abokin aji, Pindar, wanda mahaifinsa ke da shagon buga takardu a Gomari, da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton kai. A cikinta akwai wasan harbi na shekarun casa'in, irin wanda mai wasa ba ya ganin kansa, sai hannunsa da bakin bindiga, yana kutsawa lungu-lungu dodanni na fito masa. Sauran yara harbin ke burge su. Shi Abdulhafiz abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda shafaffen gilashi ke yin zurfi, har mutum ya karkata kai don ya leƙa bayan bango.

Ya fara karatun kwamfuta, amma da rikici ya tsananta hanyoyin shanu suka rufe, gida ya shiga matsi, ya ajiye karatun ya buɗe ɗan shagon gyaran waya a Bulabulin. Nan ya yi aure, matarsa Mu'mina ta haifa masa 'ya mace, Safinatu.

A shagon ne ya gano cewa masu tsohon wasan nan sun daɗe da sakin ainihin rubutun da aka gina shi da shi, kowa ya ɗauka kyauta. Akwai waɗanda suka mayar da shi kan manyan wayoyi, amma a ƙananan wayoyin da mutanen unguwarsa ke riƙewa, masu ɗan guntun memori, ko buɗewa ba ya yi. Sai ya ƙudurta shi zai sa shi ya shiga, daga nan kuma ya kai shi kan tsofaffin na'urorin gem da ake haɗawa da talabijin a gidajen gem na gari. A lokacin Pindar ya buɗe nasa gidan gem, ya ara masa na'ura guda.

Aikin ya fi yadda ya zata. An yi wasan ne don madannai, waya kuwa sai shafa, don haka ya yi watanni yana neman inda babban yatsa zai zauna ba tare da ya rufe dodon ba. In ya gyara tafiya, launi ya dagule. In launi ya daidaita, waya ta yi zafi kamar an ciro ta daga murhu. Da aka sare turakun lantarki a hanyar Damaturu gari ya zauna ba wuta, sai ya riƙa kai laftof ɗinsa wurin masu caji, ya karɓo ya yi aikin awa biyu ta mutu. Mu'mina ba ta taɓa hana shi ba, sai dai wata rana ta tambaye shi.

"Baban Safinatu, in ka gama, wa zai saya?"

"Ba na sayarwa ba ne."

"To na mene ne?"

Ya mayar da idonsa kan laftof ɗin, ya ci gaba da aiki.

Sauti ne ya fi ba shi wahala, ya shafe fiye da shekara wasan na tafiya kamar bebe. Ran nan da hantsi ya canza wani layi guda a rubutun wasan, ya jona wayar da ƙatuwar sifikar da yake gwada wayoyin mutane, ya danna. Ƙarar harbi ta tashi a jere, tsaf kamar ta gaske. Kafin murna ta gama isa fuskarsa, layin shagunan ya hargitse. Mai ƙosai ta yi watsi da kaskonta, mai ya zubo mata a ƙafa. Masu shaguna suka ja ƙofofi, wata mata ta kwanta a kwata ta rufe ɗanta da jikinta.

Da ƙura ta lafa, Ba Madu, dattijon da ke sayar da gawayi a gefensa, ya tako har bakin shagon. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, wannan ƙarar ce ta raba ni da garinmu, ita ta ci 'ya'yana biyu. Kai kuma ita kake zaune kana ƙerawa?"

"Ba Madu, wasa ne."

"Na ji. Je ka faɗa wa ƙafar baiwar Allahn can."

Abdulhafiz ya kai mai ƙosan asibiti, ya bi shago-shago yana ba da haƙuri. Daga ranar bai ƙara kunna wasan ba sai da abin kunne, kuma bai ƙara yi wa kowa zancensa a unguwar ba. Duk da haka ya kasa bari.

Yana dab da gamawa Pindar ya zo masa da wata ƙaramar waya, ya miƙa masa ba tare da ya dube shi ba. Wasu matasa a wata ƙasa sun fitar da nasu, yana gudu sumul a kan irin wayoyin da ya sha wa wahala, ba zafi, ba tsayawa. Abdulhafiz ya buga na ɗan lokaci, ya lura har inda suka ajiye wurin yatsa ya fi nasa.

"Saura na talabijin," in ji Abdulhafiz.

"Abokina, yara yanzu ƙwallo kawai suke bugawa. Ni ma rufe gidan zan yi, zan koma Biu."

Ya ci gaba da na talabijin ɗin shi kaɗai, ba don yana sa ran kowa ba. Sai ga ambaliyar watan Satumba, da madatsar Alau ta ɓalle. Ya samu ya fitar da Mu'mina da yarinya, ruwa na kai masa ƙirji. Da ya komo bayan ruwa ya janye, laftof da na'urar Pindar da faifan da yake ajiye kwafin aikin duk suna cikin laka a durowa ɗaya. Ya wanke, ya shanya, ya gwada duk dabarar da yake yi wa wayoyin mutane. Ba abin da ya tashi.

Yanzu suna zaune a ɗaki guda a gidan surukansa a Gomari. Ya kafa tebur a bakin titi yana sayar da caja da rigar waya, gyaran ma ya rage, don idanunsa ba sa ganin ƙananan ƙafafun kayan cikin waya da ake liƙawa da dalma. Kwanakin baya Mu'mina ta ce masa in an samu sarari ya nemi wata laftof ko ta hannu ce, ya sake daga farko, tunda komai na kansa.

Ya girgiza kai. Ya ce ya zauna ya gwada tunowa, rabin abin ya tafi, kuma wanda ya rage ba ya jin yana son sa. Ta zuba masa shayi, ya sha, ya ɗauki tebur ya fita.