Gayyar Baba da gayyar cikin waya

Daminar bana ce ta tara tun da Allah Ya karɓi ran mahaifinmu, Malam Haladu mai haƙar rijiya, a ƙauyenmu da ke bayan Yako a ƙasar Kiru. Ni ce 'yarsa ta biyu, kuma ina aikin karɓar haihuwa a ƙaramin asibitin garin. Duk shekara idan lokacin nan ya zagayo nakan yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda abin da ya faru a mashigin rafinmu, wanda na so a ce yana raye in ji ta bakinsa.

Rafin nan shi ya raba gari da rugagen Fulani da gonakin fadama. Da rani ko ɗan akuya tsallake shi yake yi. Da damina kuwa yakan cinye hanya, sai a yi kwanaki babur bai haye ba. Baba ba shi da sarauta, bai yi boko ba, amma shi ke kiran gayya kafin ruwa ya sauka. Gida-gida yake bi da ƙafarsa. Zai yi sallama, ya gaisa har ya tambayi lafiyar jakin mai gida, sannan ya ce, "Ranar Asabar muna mashigi. Kai me za ka zo da shi?" Ba ya barin ƙofar sai ka ambaci wani abu da bakinka, diga ko kwando ko amalanke. Wanda ya ambata kuma kunya ba ta barin sa ya ƙi zuwa. Bayan rasuwarsa gayyar ta yi ta ja da baya har ta mutu.

Shekara biyu da suka wuce wani ɗan garinmu mazaunin birni, wanda zan kira Alhaji kawai, ya buɗe zaure a waya don aikin sa kai. Nan da nan ya cika da mutane, daga Bebeji har Tudun Wada da Doguwa. Da farko na yi murna, na ce ga wanda zai ɗora daga inda Baba ya tsaya. Sai aka turo fom a ce kowa ya cika: suna, lambar waya, unguwa, da akwatin da mutum yake jefa ƙuri'a. Na tambaya me ya haɗa akwatin zaɓe da gyaran hanya. Shugaban zauren, wani matashi, ya amsa min, "Tsari ne kawai, Anti." Na cika sauran, na bar wannan layin babu komai.

Bara, gab da faɗuwar ruwa, aka sanar da gayyar mashigi. Sanarwar ta yi kyau, har da kalar tuta. Mutane suka yi ta turo hoton hannu a ɗage, wasu suna rubuta "in sha Allahu da ni", har wayata ta yi zafi. Mu mata muka dama kunu daidai yawan hannayen da muka gani. Ranar aikin maza ba su wuce goma sha biyar ba, kunun kuma da yamma muka raba wa maƙwabta. Wajen hantsi Alhaji ya iso da mota, da riguna masu ɗaukar ido ɗauke da sunan zauren, rigunan ma sun fi mutanen yawa. Aka ɗura yashi a buhuna, aka jera su daidai inda mota take iya tsayawa. Kafin la'asar hotuna sun cika zauren, an rubuta a ƙasa: an kammala.

Bayan kwana biyu Ardo Buba, shugaban rugar ƙetare kuma aminin Baba, ya same ni a asibiti. Muka gaisa, sannan ya ce, "'Yar Haladu, wani laifi muka yi muku ne?"

Na ce, "Subhanallahi, Baffa, laifin me?"

"An yi gayya ba a faɗa mana ba. Sai dai muka hango ku."

Na ce ai a waya aka sanar. Ya zaro 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila ya ɗora a tebur, ya ce wannan ba ta ganin hoto. Da ya miƙe zai tafi ya ƙara da cewa, "Inda kuka jera buhunan nan ba nan ruwa yake bi ba yanzu. Shekara uku ke nan ya koma gindin marke. Mu da ke haye shi da shanu mun sani."

Na rubuta maganar Ardo a zauren kamar yadda ya faɗe ta. Wani ya turo fuskar dariya. Shugaban zauren ya ce a daina karya gwiwar 'yan sa kai, ya goge saƙon.

Ruwan farko mai ƙarfi ya yi gaba da buhunan. Mako ɗaya bayan nan naƙuda ta tsananta wa Dije, surukar Ardo, da rana tsaka. Babur ya kasa hayewa. A kan gadon kara maza huɗu suka ɗauko ta, ruwa har ƙirjinsu, suka iso mana tana zubar da jini. Da na duba ta na san ta fi ƙarfinmu, sai babban asibiti, kuma sai an samu jini.

A nan dole in faɗi gaskiya ko da ba ta yi daidai da zargina ba. A cikin mota na aika saƙon murya zuwa zauren nan ina neman masu ba da jini. Kafin mu isa, mutum uku da ban taɓa gani ba suna tsaye a ƙofar asibitin, ɗaya tela ne daga Bebeji, da zare maƙale a rigarsa. Ba wanda ya nemi hoto a cikinsu. Dije ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba. Ba zan ce mashigi ne ya kashe shi ba, rai na Allah ne, amma na san awa nawa aka ɓata a bakin ruwa, kuma na san an faɗa mana tun da wuri.

Tun daga nan nake yawan tambayar kaina, da Baba yana nan me zai ce? Ba na jin zai ƙi wayar. Mutum ne mai son sabon abu, shi ya fara kawo injin ban ruwa unguwarmu. Zai yi mamakin yadda murya ɗaya ke tara baƙi uku kafin mota ta isa. Amma na san zai tsaya a kan hannun nan da ake ɗagawa, ya tambaya hannun wa ne, kuma in bai zo ba wa zai ji kunya. Zai tambaya wa ke da ikon goge maganar dattijo, wa ya ba shi. Mai haƙar rijiya ba ya sauka rami sai ya ga wanda zai riƙe masa igiya da idonsa, kuma haka ya ɗauki kowane aiki.

Bana ni da yayana Nura, direban motar haya, muka sake kiran gayyar. Shi ya bi gida-gida har ruga. Ni kuma na bi mutanen zauren ɗaya bayan ɗaya, na kira kowa da sunansa na tambaye shi me zai zo da shi. Da yawa ba su ɗauka ba. Wani mai tifa daga Doguwa ya ce duwatsu, kuma ya kawo. Ardo ya nuna wurin da sandarsa, a gindin marke, matasan ruga da na gari suka yi kwana biyu suna jera dutse. Zuwa yau mashigin yana riƙe.

Kwana uku bayan aikin na ga hotunan mashigin a shafin Alhaji, da fuskarsa a gefe tana murmushi, alhali ko ƙafarsa bai saka a wurin ba. Ba a jima ba saƙonni suka fara shigowa wayoyinmu suna tuna mana wanda ya damu da talaka. Har ni da na bar layin nan babu komai, saƙon ya ambaci akwatina daidai. Har yanzu ban san wanda ya cike min shi ba.

Ban fita daga zauren ba, saboda telan Bebeji yana ciki, da ire-irensa da ban sani ba tukuna. Sai dai yanzu ina karanta kowace sanarwa sau biyu. Baba bai bar mana gona mai yawa ba, ba mu da hotonsa ko ɗaya a bakin aiki. Abin da ya rage nasa shi ne wannan hali na ƙin yarda da aiki sai an san mai shi, kuma na lura ya fi zama a wurin mahaifiyarmu fiye da mu 'ya'yansa.

Shekaranjiya aka sake turo sanarwa, wai za a yi gayyar share maƙabarta. Na karanta wa Inna tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Mahaifinku bai taɓa kiran mutum aiki ba sai ya riga shi isa wurin. Ki tambayar min wanda ya kira ɗin, shi ƙarfe nawa zai zo?"

Na rubuta kamar yadda ta faɗa, na tura. Wayar ta nuna min ya karanta. Har na gama wannan rubutu bai amsa ba.

Allah Ya jiƙan Malam Haladu, Ya haskaka makwancinsa.