Akwatin da bai san babba ba

Da na gama karatun sarrafa injina na dawo Tessaoua, gwaggota ce ta fara samo mini aiki, ba da son raina ba. Ita ce shugabar ƙungiyar mata masu yin man gyaɗa, kuma ƙungiyar na gab da watsewa.

Injinan niƙa uku suke da su, iri ɗaya sak, sai gurup guda mai ba su wuta. Biyu yake iya ɗauka. Aka kunna na uku sai ya yi tari ya mutu. Kowane ɓangare na matan ya shafa wa inji ɗaya fenti ya ce nasa ne. Ga shi kuma da girma ake kunnawa: na Gwaggo tukuna, sai na mai bi mata. Matan da suke tasowa daga ƙauye da soyayyar gyaɗarsu su ne ƙanana, kullum su ne ƙarshe. In haƙurinsu ya ƙare su danna nasu da gangan, wuta ta ɗauke wa kowa. Har sun ce in kasuwa ta zagayo za su ɗora injinsu a amalanke su tafi.

Na haɗa ɗan akwati na rataye a bango. Ba ya ce wa kowane inji tashi, hanawa kawai yake yi. Aikinsa ƙirga: nawa ne ke juyawa yanzu? In biyu ne, wadda ta danna za ta ga jar fitila, ta jira. Ɗaya ya tsaya, wadda ta riga dannawa ta samu koriya.

Gwaggo ta leƙo ina ɗaure waya.

"Ɗiyata, kin hwaɗa mishi wanne ne nawa?"

"Gwaggo, bai san fenti ba. Duk ɗaya suke a wurinshi."

"Mi? To koya mishi."

Na ce ba zan iya ba. Ƙarya nake, zan iya, amma a nan ciwon yake. Ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata, abin ya yi mini zafi ƙwarai.

Ranar gwaji matan ƙauye suka yi sammako, da amalankensu a ƙofa. Biyu daga cikinsu suka danna, injina biyu suka ɗauka. Sai ga Gwaggo da ƙwaryarta. Ta danna, fitila ta yi ja.

Ta dubi akwatin, ta dube ni, ta dubi amalanken.

"Wannan abu ba ya da kunya," in ji ta. Ta jawo kujera ta zauna, ƙwarya a cinya.

Aka kwashe da dariya har da guɗa. Gurup bai yi tari ko sau ɗaya ba ran nan. Ni da na sha alwashin ba zan yi rawar kai ba, sai ga ni ina tsalle kamar yarinya.

Da fitilarta ta zama koriya, wata daga matan ƙauyen ce ta taso ta karɓi ƙwaryar ta zuba mata a inji. Da yamma amalanken ya koma da jarkokin mai, injin yana nan inda yake.