Kunyar Bankrupt Ce Ta Kai Ni Kurkuku

Kafin in lalace, direban minicab ne ni, wato tasi, a Croydon da ke Landan. Ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma mutanenmu sun yarda da ni. Duk mai son aika kuɗi gida ni yake ba, saboda ina da ɗan'uwa ɗan canji a Kaduna. Shekara goma sha ɗaya ban ci sisin kowa ba.

Abin ya faro ne daga mota. Na ɗauki sabuwa bashi, sai ciwon baya ya kwantar da ni wata huɗu. Kuɗin hayar gida ya taru. Na ci bashin katin banki na biya, na karɓi kati na biyu na toshe na farko. Wasiƙun masu bina bashi suka yi ta zuwa, ina cusa su ƙarƙashin kujerar mota don kada matata Hadiza ta gani.

Da abin ya ishe ni, na nemi ganawa a wani ofishin masu ba da shawara kan bashi. Wata Baturiya ta duba takarduna, ta ce mafita a gare ni ita ce in nemi a ayyana ni bankrupt, wato hukuma ta tabbatar na kasa biya. Ta ce yawanci bayan shekara guda za a sauke mini mafi yawan bashin, kuma masu bina za su daina kira da buga ƙofa. Ba ta ɓoye mini ɗacin abin ba. Motar za ta iya tafiya, banki zai iya rufe asusuna, zan daɗe ban samu mai ranta mini ba, sannan sunana zai shiga rajistar da ake dubawa a intanet.

Na ce, "Kowa zai iya gani?"

Ta ce, "Duk wanda ya nema."

A hanyar gida, cikin jirgin tram, na yi ta auna abin. Ga hutu, ga barci da na manta daɗinsa. Amma sai in hango kaina ranar Juma'a a masallacin Regent's Park, ana nuna ni da baki. Wa zai ƙara ba ni amanar kuɗinsa? Har na ce wa kaina ai Musulmi ba ya gudun bashi. Ƙarya nake, ba tsoron Allah ba ne, girman kai ne. Ban koma ofishin ba.

A makon ne Mama Ladi ta kira ni. Dattijuwa ce 'yar Kafanchan, ta fi shekara ashirin tana aikin kula da tsofaffi, gwiwoyinta sun gaji. Ta miƙa mini fam dubu tara ta ce, "Ɗana, na rufin gidana ne. Ana gamawa zan ajiye aiki in koma gida."

Na ce a raina zan taɓa kaɗan in mayar. Cikin kwana goma babu ko fam ɗaya. Da ta tambaya, sai na tura mata hoton rufin gidan wani. Ta kira ni tana kuka tana sa mini albarka. Daga nan na shiga cin kuɗin wannan in biya wancan, har mutum bakwai.

Da Kirsimeti Mama Ladi ta je gida Kafanchan. Ta tarar da bango tsirara, ciyawa ta cika ɗakuna. Ɗanta ne ya kai ni wurin 'yan sanda. A kotu Hadiza ta fara jin labarin wasiƙun. Ta dube ni ta ce, "Baban Amira, ni ba mutum ba ce da za ka gaya wa?" Aka yanke mini shekara biyu. Hadiza ta kwashe yara ta koma wurin yayanta a Birmingham, auren ya mutu.

Ina kurkuku aka ayyana ni bankrupt ɗin da na guda. Bashin banki ya sauka, amma kuɗin zamba ba ya cikin abin da ake yafewa. Yana wuyana har yau.

Da na fito, na je na tsuguna gaban Mama Ladi. Ta ce, "Da ka gaya mini kana cikin wahala, da ni zan ranta maka. Na yafe, ɗana. Amma kada ka sake zuwa, in na gan ka ƙirjina zafi yake yi."

Yanzu ina ɗaukar kaya a wani sito, duk wata ina tura mata abin da ya samu. Na tuba, ina roƙon Allah Ya karɓa.

Ƙannena, ban ce bankrupt abu ne mai daɗi ba, kuma ba kowa ya dace da shi ba. Amma in bashi ya sha kanku, ku buɗe wasiƙun, ku gaya wa iyalinku, ku je wurin waɗanda suka san doka. In mota ce za ta tafi, ta tafi. Kada ku taɓa amanar mutum. Mama Ladi ta kusa saba'in, kuma gobe da ƙarfe shida na safe tana bakin aiki saboda ni.